Tsadar fetur a Damagaram

Ya Edita,

Ina so in yi tsokaci kan rahoton da kuka buga game da layin gidajen mai a Damagaram. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, ruwa-ruwan (man sumoga) da ke shigowa daga can ta Matamaye da Magariya ya ƙafe, kowa ya koma kan matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana, wadda ba ta wadatar da ƙasa. Da gwamnatin Nijar ta sauke lita zuwa sefa 499 a 2024, sai man namu ya fara tsallaka iyaka cikin jarkoki. Ɗan kabu-kabu kuma ya sayi kwalba da tsada a bakin hanya.

Ina roƙon SONIDEP, kamfanin mai na ƙasa, ta ware wa jihar nan kaso tsayayye, a kuma bi kowace tanka har gidan man da aka rubuta mata.

Naku,
Wani mai karatu, Damagaram