Lissafin Ussher ba aya ba ce

Ya Edita,

Ina roƙon fili in faɗi albarkacin bakina kan gardamar da ta ɓarke a zumuntar matasan cocinmu game da shekarun duniya, har wani dattijo ya ce wa jikana, mai karatun ilimin duwatsu, wai boko ta cinye masa bangaskiya. Laifin yaron kawai ya kawo zancen tafkin Suigetsu na ƙasar Japan, don ya nuna duniya ta wuce shekara 6,000 da ake cewa ta yi.

A gindin tafkin nan babu iskar shaƙa, don haka ba halittar da ke dama lakar. Duk shekara sai siririyar shimfiɗa biyu ta kwanta, mai haske da mai duhu. Masana sun haƙa, suka tarar da laka mai kauri kusan mita 45, ta shekara wajen 70,000. Ni da na yi noman fadama abin bai zame mini baƙo ba. Wanda ya taɓa yashe rijiya ko ya sari bakin rafi ya san lakar damina dabam, ƙurar hunturu dabam.

Dattijon bai zo hannu rabbana ba, gaskiya. Ya ce da dutsen St. Helens na Amurka ya yi aman wuta a 1980, toka ta jeru hawa-hawa cikin sa'o'i, ke nan ruwan tsufana na zamanin Nuhu ma zai iya. Amma tokar da ta zubo dare ɗaya ba ta zuwa da zubin bazara da na sanyi bi da bi har sau dubbai. Ga kuma ganyayen da aka tsinto cikin lakar, an auna shekarunsu ta wata hanya dabam, lissafin ya zo kusa da juna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara 6,000 ɗin da ake riƙe da ita kamar aya. Akbishop James Ussher na Ailan ne ya haɗa lissafin zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki a 1650, ya ce an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Ƙoƙarin malami ne, Allah ya saka masa. Littafin Farawa bai ba da wannan adadi ba, Zabura 90:4 kuwa cewa ta yi shekara dubu a wurin Ubangiji kamar jiya ce.

Na ce wa yaron ya zo da littafinsa ranar Lahadi, benci ɗaya za mu zauna.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Wusasa, Zariya