Wasiƙa daga Maraɗi: kafin ka ɗaure rago a turke

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Abijan da ruwanta? Mutanen gida duk kalau suke, su Inna suna gaishe ka, kullum sai sun tambayi ranar dawowarka.

Saƙonka ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Ka ce ka gaji da aiki a ƙarƙashin wani, ka ɗan tara abin da Allah ya hore, kana so ka dawo gida ka kama turkar raguna. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Amma tunda gaskiya ka nema, ga ta. Inda kake yanzu akwai mai tashe ka da safe, akwai mai ƙirga kaya da yamma, akwai mai faɗa in ka yi sakaci. Ranar da ka zama mai gidan kanka, duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka. Yawancin masu dawowa daga ci-rani da jari a hannu, a nan suke faɗuwa, tun kafin kasuwa ta taɓa su.

Bari mu fara da lokaci. Daga farkon azumi zuwa ranar layya kwana 100 ne ko kusa da haka, kuma daidai da abin da rago ke buƙata ke nan ya yi ƙiba: wata uku da 'yan kwanaki. In ka wuce haka, abincin da zai ci ya fi naman da zai ƙara. To amma dubi inda layya take faɗowa a 'yan shekarun nan. A 2025 an yi ta a farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Wato turkarka za ta kama tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, harawa ta yi tsada, dusa ta yi wuya. Shi ya sa mai turka na gaskiya yake fara aikinsa tun da kaka, a watan Oktoba da Nuwamba, alhali ko rago ɗaya bai saya ba. Lokacin ne ake samun harawar wake da ta gyaɗa da kowa, wato ɓawon wake, da araha a ƙauyukan wajen Cadawa, Gazawa da Madarunfa. Ka ɗauki amalanke a kawo maka, ka jibge a ɗaki ko a rumfa mai inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara. Wadda ake barin ta a kan rufi rana tana dukanta wata biyar, ganyen yakan kakkaɓe, launin ya koma fari, sai kara kawai ya rage, kuma a ganyen amfanin yake. In gawo ya fara zubar da 'ya'ya da rani, ka sa yara su tsinto maka ka biya su, abinci ne mai kyau.

Kafin ka sayi rago, ka yi abin da mutane ke jin nauyin yi. Ka tafi kara, wato kasuwar dabbobi, ba ko dala a aljihunka, ka tsaya bayan wani dattijon dillali, ka riƙe masa igiya, ka saurari yadda ake taya da yadda ake sallamawa. Ka yi haka kasuwa huɗu ko biyar, ka leƙa Sabon Mashi, ka leƙa Dakoro da Mayahi, don ka san tazarar da ke tsakanin farashin daji da na birni. Wani zai ce ɗan Abijan ya dawo yana riƙe igiya. Ƙyale shi. In ka shiga kara da manyan kaya da kuɗi a hannu ba ka san kan abin ba, tun daga nesa za a gane ka, kuma kuɗin karatun da za ka biya ya fi haka ciwo.

Wajen zaɓe, buɗe bakin ragon ka duba haƙoran gaba na ƙasa. Ɗan rago yana da ƙananan haƙoran nono guda 8. Tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi biyu na tsakiya suke faɗuwa, manya biyu su fito. Mai manyan haƙora biyu, ko huɗu, shi kake nema: ya isa layya, kuma jikinsa na karɓar abinci. Ƙaramin da bai fasa haƙori ba tsawo zai yi ta yi maimakon ƙiba, tsoho kuwa ci kawai ya iya. Ka nemi mai dogon jiki da faɗin ƙirji, ramamme don yunwa, ba don ciwo ba. Yadda za ka bambance su: ja fatar idonsa ta ƙasa, in cikin ya yi fari fat maimakon ja-ja, tsutsa ta shanye masa jini, haka in ka ga kumburi a ƙarƙashin haɓa. Duba hanci ko da majina, duba gindi ko da alamar zawo, sa shi ya yi tafiya ka ga ƙafafunsa. Kada cikinsa ya ruɗe ka, akwai masu ɗura wa dabba ruwan kanwa ko na gishiri da safiyar kasuwa ta yi tim. Gadon baya da gindin wutsiya ake taɓawa. Kuma ka tuna don layya kake kiwo, mai ido ɗaya, gurgu, ko wanda aka yanke wa kunne sosai, ko kyauta-kyauta aka ba ka, ranar sayarwa zai zame maka kaya. Balami fari mai girma shi ne abin so a nan, amma jarinsa da cinsa duk masu nauyi ne. A shekarar farko ka haɗa da Uda da matsakaitan raguna, don masu sayen matsakaici sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Nawa za ka fara da su? Ko kuɗinka sun isa 30, ka tsaya a 10. Kashi ɗaya cikin uku na jarin kuma ka ajiye shi gefe, na magani ne da abinci in ya yanke.

Sabon rago a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida. A kwanakin farko a ba shi maganin tsutsa, irin su albendazol, gwargwadon nauyinsa, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Ka kira ma'aikacin kiwo ya yi musu rigakafin annobar nan ta tumaki da awaki mai zuwa da majina da zawo, da ta ciwon huhu. Maganin da ake shanyawa a rana a tebur ranar kasuwa ka bar wa mai shi. Kuma in salla ta matso kada a yi wa dabba allura sai da shawarar likita, don maganin yakan zauna a nama.

Rago mai kilo 30 yana cin busasshen abinci kamar kilo ɗaya da ɗan ɗori a rana, yana ƙaruwa yadda jikinsa ke ƙaruwa. Fiye da rabi ya zama harawa da ciyawa, sauran dusa da kowa, da ɗan tunkuza ko gurya in ka samu. Dusar nan a hankali ake shigar da ita, a fara da tafi ɗaya, a riƙa ƙarawa har kwana 10 zuwa 14. Wanda ya cika wa sabon rago kwano da dusa ko tsabar hatsi a rana ɗaya don yana sauri, cikin zai yi tsami ya kumbura, da safe a tarar da mushe. Sauran tuwo da ya yi funfuna ma haka yake yi. Akwai wata matsalar da ba a cika ganewa da wuri ba: dusa da yawa, ruwa kaɗan, sai tsakuwa ta toshe wa rago mafitsara. Za ka gan shi yana nishi yana yunƙuri, fitsari na ɗigowa ko ya tsaya cak. Rigakafinsa ruwa mai tsabta a gabansa kullum, da ɗan gishiri ya riƙa lasa don ya sha da yawa. Da zafin Afrilu na garin nan rago ɗaya yakan sha lita 5 ko fiye. Ka yi musu rumfar zana, langa-langa zafi take tarawa. Ka share wurin kullum, ka tsince leda, don ragon da ya haɗiyi leda yana ci yana ramewa, ba maganin da zai fitar da ita. Takin kuma kada a zubar, masu lambu a Jiratawa da manoma kuɗi suke sa wa. In komai ya tafi daidai, rago zai ƙara giram 100 zuwa 150 a rana, wato kilo 9 zuwa 13 da rabi a wata uku.

Ga lissafi na misali, farashin gaskiya sai ka zo ka gani da idonka. A ce ka sayi rago jikka 60, wato sefa dubu 60. Yana cin sefa 300 a rana, dala sittin ke nan, kwana 90 ya kama jikka 27. Magani jikka 2. Ruwa, igiya, mota, la'ada da kuɗin kasuwa jikka 4. Ya tsaya maka jikka 93. Ka sayar 110, riba 17. Raguna 10 sun ba ka 170, in duk sun kai. In ɗaya ya mutu gab da salla, ka sayar da 9 a kan 990, ka kashe 930, saura jikka 60 na wahalar wata uku. Amma da ka tanadi abinci tun kaka har cin kowane rago ya sauko zuwa jikka 18, ka tsira da ƙarin jikka 90. Ka ga inda ribar take kwance. Mutum zai yi awa guda yana jayayya da dillali a kan jikka ɗaya, alhali ya bar jikka 9 a wurin mai harawa.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa da ka. Ka sayi kaye da bik, kowane rago da shafinsa: ranar saye, kuɗinsa, maganin da ya sha. Abin da ya fita a rubuta shi a daren, ba gobe ba. Kuma ka yanka wa kanka albashi, abin da cefanen gida zai ci a wata, ka tsaya a kansa. Aljihun cefane daban, na uwar kuɗi daban. Uwar kuɗi kamar irin shuka take, wanda ya daka ta ya yi tuwo, damina za ta same shi hannu sake.

Abin da zai fi ba ka wuya shi ne mutane. Kana sauka za a fara sallama: wannan suna, wancan asibiti, wancan biki. Zumunci wajibi ne, ban ce ka rufe hannu ba. Ka ware masa abin da za ka iya a kowane wata, in ya ƙare ka ce ya ƙare, da fuska a sake. Sabon babur da babbar waya su jira riba ta biyu. Sai masu cewa ba ni rago, bayan salla zan biya. Naman da aka riga aka soya, biyan kuɗinsa nauyi gare shi. In dole ne, a ba da fiye da rabi a hannu, a rubuta saura gaban shaida, kuma kada irin wannan ya wuce rago ɗaya ko biyu. Fada da shayi ma ka rage. Dabba tana son a ba ta abinci a lokaci ɗaya kullum, bayan asuba da bayan la'asar, kuma a lokacin ne za ka lura da wanda ya tsaya gefe bai sa baki ba. Yaron da ka ɗauka aiki ba zai gaya maka ba sai ragon ya kwanta.

Batun kai raguna Najeriya a sayar da ka kawo, kada ka gina lissafinka a kai. Gaskiya ne ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina tafiyar ba nisa, kuma nan ne babbar kasuwarmu tun kaka da kakanni. Amma Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi nan Nijar a Yuli 2023, kuma a watan Mayu 2025 gwamnatinmu ta hana fitar da dabbobi waje ana gab da layya. Ga naira da ta faɗi tun 2023, mai sayen da ya zo da ita ba ya iya taya rago yadda yake yi da. Ka yi kiwon da zai ba ka riba ko a cikin garin nan ka sayar. In hanya ta buɗe, ƙari ne.

Sayarwa kuma kada ka jira jajibere da dukkan garken. Wata shekara farashi yana tashi a ranar, wata shekara motoci su cika kara da raguna ya faɗi warwas, mai turka ya koma gida da dabbar da za ta ci gaba da ci. Ka fara sakin su tun saura mako biyu, musamman in an yi wa ma'aikata albashi. Ka ɗauki hotonsu ka sa a WhatsApp, mai saye ya zo gida, ka huta da la'ada da kuɗin mota. Bayan salla kuma kada kuɗin su zauna a ɗaki, don kuɗin da ke ɗaki ƙafa gare su. Ka riƙe raguna biyu ko uku saboda masu suna da mahauta, saura ka adana su har kaka ta zo a sayi abinci. In jarin ya kai nisabi ya shekara, ka fitar da zakka, ɗaya cikin 40.

Abin da nake so daga gare ka yanzu: ka gaya mini nawa ne takamaimai za ka sa a sana'ar bayan ka cire kuɗin mota da tsaraba, da watan da za ka iso. In ba za ka samu zuwa kafin kaka ta wuce ba, ka aiko da kuɗin harawa a saya maka a ajiye a ɗakin da ke bayan gidanku, amma sai an gyara rufinsa tukuna, yana yoyo ta kusurwar gabas.

Ka gaishe da 'yan gida da ke tare da kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
amininka a Maraɗi