Zuwa ga Habu: yadda ƙuli-ƙuli ya hana ni barci

Assalamu alaikum, Habu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan hunturu ya fara buɗe ido, ƙura ko'ina. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka yi shiru da yawa.

Wani ɗan aiki ne ya ɗaure min kai mako guda, na ce ba wanda zan ba labarin ya gane sai kai da ka fara ɗora hannuna a kan C, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Kawu ya sayi 'yar firintar rasit don shagonsa, irin mai takarda milimita 58, wadda harafi 32 kacal take ɗauka a layi. Ya ce in sa sunayen kaya su riƙa fita tsaf, kada a yanke kalma a tsakiya. Na ce masa kafin la'asar an gama. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dabarar farko ka san ta. Ka ɗauki kalma, ka duba ko ita da gurbin da ke gabanta za su shiga abin da ya rage a layin. In sun shiga ka ajiye, in ba su shiga ba ka sauka sabon layi. Na gwada da "sukari" da "madara", komai daidai. Sai yaron shago ya buga "ƙuli-ƙuli", farashi ya goce daga inda ya kamata ya tsaya, jerin kuɗin ya karkace kamar katangar da ruwa ya ci.

Kwana biyu ina zargin firintar, alhali laifina ne. Da strlen, umarnin C na auna tsawon rubutu, nake aunawa, shi kuwa ba harafi yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da rubutu ke ci a cikin kwamfuta. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit 2 ne. Ƙuli-ƙuli gurbi 9 yake ci a takarda, amma kwamfuta 11 take gani. Alamar ₦ ma bayit 3 ce, ka ga kowane farashi da tasa ɓarnar. Mafi muni, inda doguwar kalma ta tilasta min yanka, wani lokacin wuƙar takan faɗa tsakiyar ƙ, rabi a sama rabi a ƙasa, sai wata alamar tambaya ta fito a rasit. Maganin layi ɗaya ne: duk bayit ɗin da ya fara da 10 (wato 1 sannan 0, in an rubuta shi da sifiri da ɗaya irin na kwamfuta) cikon na gabansa ne, kada a ƙirga shi, kada kuma a yanka a kansa. (Ita firintar ba ta ma san ƙ ba, sai da na koma zana rasit ɗin a matsayin hoto. Wannan labarin wata rana ne.)

Sai batun karan ɗori. Na leƙa textwrap, mai karya layi na yaren Python, wanda faɗinsa na asali harafi 70 ne, na ga ya yarda a karya layi bayan karan ɗori. Na bi shi, don "ƙuli-" a sama da "ƙuli" a ƙasa ba ya ɓata karatu. Amma na hana a taɓa alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan, domin a wurinmu jikin harafin ce.

Da abin ya tafi, sai zalama ta kama ni. Na karanta hanyar da Donald Knuth da Michael Plass suka fitar a 1981, wadda manhajar tsara rubutu ta TeX ke aiki da ita. Su sakin layin gaba ɗaya suke dubawa, su ci tarar kowane layi gwargwadon ramin da ya bari, sannan su zaɓi tsarin da tararsa ta fi ƙanƙanta. Na rubuta sauƙaƙƙen samfurinta, ina ninka ragowar gurbi da kansa: rami ɗaya mai gurbi 6 tararsa 36, ramuka biyu masu 3 kuwa 18. Gefen dama ya daidaita, har na ji daɗi. Na kai wa Kawu rasit biyu ya zaɓa, ya juya su ya ce, "Wanne ne ya fi cin takarda?" Na cire ta a daren. Sunan kaya ba ya wuce layi biyu, ba sai an ɗauko gatari don yanka albasa ba.

Abu ɗaya ya rage. Idan lambar kaya ta wuce harafi 32 ba gurbi a cikinta, yanzu yanke ta nake a na 32 ba tare da wata alama ba, don in na sa karan ɗori za a ɗauka cikin lambar yake. Kai yaya za ka yi? Ka ba ni amsa kafin Juma'a, Kawu na shirin sayo ta biyu mai milimita 80.

Ka gaida Maman Walid da yara.

Naka,
Sani