Kalmar charge ba cajin waya kaɗai ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam mani fili in yi magana da yaranmu masu shirin WAEC da NECO.

Satin da ya wuce ina duba ma ɗan ƙanena aikin Turanci sai muka iso kan jimlar nan, who is in charge here, na ce to fassara mani, buɗar bakinshi sai cewa ya yi wai ana tambayar waye mai cajin waya a wurin. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma fa ba laifin yaron ba ne, tunda ya tashi cajin da ya sani kenan, a kai waya rumfar mai janareta a ba ka ɗan kati mai lamba.

Alhali kalmar ta daɗe a bakinmu. Iyayenmu caji ofis suke ce ma ofishin 'yan sanda, don can ake rubuta tuhuma. Bakanike ma in ya tsuga maka kuɗi cewa kake ya caje ni dubu biyar. Asalinta daga tsohon Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, ma'anarta yin lodi, danginsu ɗaya da car da cargo. To da ka riƙe ɗorawa shikenan ka huta, batir wuta aka ɗora mashi, mai saye kuɗi, wanda ake zargi laifi, shi kuma in charge nauyin wurin ne aka ɗora mashi, wato shi ne mai kula. Free of charge kuwa kyauta, abin da Bahaushe bai ƙi ba.

Inda yara ke faɗuwa a jarabawa ƙananan kalmomin da ke bin ta ne. Charge with na laifi ne, charge for na kuɗi. In charge of kai ke kula, amma da an cusa the a tsakiya, in the charge of, zance ya juye, kai ne ake kula da kai.

Akwai ɗaya da ta ƙi shiga lissafina, ranar hawan sallah in mahaya suka sako dawaki a guje a Ƙofar Soro za su yi ma Sarki jafi, wannan sukuwar ma charge Bature ke ce mata. Da na gaya ma yaron sai ya ce to Baffa, dokin ma caji ya ɗauka kenan.

Naku,
Malamin firamare, Ƙofar Marusa, Katsina