Wasiƙa daga Gusau kan maganar Autanmu

Aminina Ustaz,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, yaya zafin Alƙahira? Inna tana gaishe ka, ta ce tun da ka shiga Azhar ka manta da masu dama maka fura. Ni ma shirunka ya ishe ni, amma ba shi ya sa na zauna rubutu ba. Maganar ba ta saƙon murya ba ce, ka san yadda waya ke yawo hannu-hannu a gidanmu.

Autanmu ne. Ya dawo hutu daga jami'a ya rame, ba ya son taro, sallar asuba sai an yi ta fama da shi. Daren Juma'a muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, an ɗauke wuta, yana ta juya wayarsa a hannu bai kunna ba, sai ya ce, "Yaya, in na faɗa maka wani abu, ba za ka kai wa Baba ba?" Na ɗauka bashi ne ko yarinya. Sai ya ce shi fa yanzu bai sani ba ko akwai Allah. Wallahi gabana ya faɗi. Sai da na waiga na ga ko akwai mai jinmu.

Da na ce ya yi istigfari, ya ce, "Ban ce babu ba. Mai cewa babu ya yi da'awar ya leƙa ko'ina, ni kuwa ban leƙa ba. Cewa na yi ban sani ba, kuma ban ga yadda za a sani ba." Yana faɗa muryarsa na rawa. Wannan ba yaron da ke neman a ce ya waye ba ne.

Na san za ka ce intanet ce da abokan banza. Ni na fi ganin ciwon ya girmi wayar. Ka tuna 2010, lokacin gubar dalma a Anka da Bukkuyum, da ake kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe? Yara sama da 400 suka rasu. A cikinsu akwai ɗan Gwaggonmu ta Bagega, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya da Auta duk lokacin da aka kai shi can. Ya ga yaron yana jijjiga, bai taɓa yin zancen ba sai daren nan. Bara kuma 'yan bindiga suka tare motar da abokin karatunsa ke ciki, har yau ba gawa ba labari. Tambayarsa ita ce, me yaron da bai yi wayo ba ya yi? Na ce jarrabawa ce. Ya ce ya sha jin haka a wurin ta'aziyya, kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Mun kai har tsakar dare. Ya kawo mini lissafin masana, cewa sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, kuma duk abin da ido da na'ura suka gane, taurari da duwatsu da mu kanmu, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, sauran ba a san ko mene ne ba. Na ce to ai a nan nake tsaye. Ni in na dubi girman abin da aka ɓoye mana, da yadda ɗan abin da muka gani yake tafiya bisa tsari, sai in ƙara jin akwai Mai shi. Ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan, haka Suratul Isra'i ta ce. Ya ce rashin sani ba hujja ba ne, ba ga mai cewa akwai ba, ba ga mai cewa babu ba. Na yi shiru, domin irin wannan fagen naka ne.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma har yau yana tambayar kuɗin indomin da ka ci ranar da za ka tafi. Ya ce ko da fam ɗin Misra ne zai karɓa. Liman ɗinmu kuma an yi masa aikin ido, ya warke, yanzu yana gane masu makara a sahun baya, ka shirya.

Abin da ke hana ni barci ba gardamar ba ce, tsoro ne. Nan Zamfara ce, inda aka fara aiki da Shari'a a 2000, kuma ka san abin da zargin ɓatanci ga addini kawai ya jawo a Talata Mafara a 2016, mutum takwas suka mutu. Ka san Mubarak Bala, da kotu a Kano ta yanke wa shekara 24 a 2022 saboda rubutunsa na Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Auta bai zagi kowa ba, bai taɓa addini da mugun baki ba, amma taron fushi ba ya tsayawa ya bambance mai tambaya da mai izgili. Na sa ya yi mini alkawari ba zai rubuta komai a Facebook ba, ba zai faɗa wa 'yan ɗakinsu ba. Kawu kuwa in ya ji, bulala da rubutun sha zai fara nema, daga nan mun rasa yaron.

Ni ban yarda a yi masa haka ba. Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu don zuciyarsa ta natsu, ba a kore shi ba. Sahabbai sun kai kukan waswasin da suke jin nauyin furtawa, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Kai da kanka ka ba ni labarin Imam Gazali, da ya yi kusan wata biyu cikin shakkar komai, har ya ce ba jera hujjoji ne ya fid da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Ban ce halin Auta ɗaya ne da nasu ba. Amma yaron da ya zaɓi ya faɗa wa yayansa gaskiya maimakon ya riƙa bin sahu yana ɓoyewa, ina ganin akwai sauran alheri a tare da shi. Jiya ma na ji shi ya amsa wa Inna da amin lokacin da take masa addu'a.

Don Allah ka kira shi. Yana ganin girmanka tun kana koya masa Ahalari a zaure. Kada ka fara da wa'azi irin naka mai tsawon hanyar Funtuwa, ka bar shi ya yi magana tukuna, kuma kada ka nuna na faɗa maka. In akwai malami a can da ya saba zama da matasa masu irin wannan tambaya, ka tambayar mana yadda ake bi da su. Hutunsa ya kusa ƙarewa, ina so ka same shi kafin ya koma.

Inna ta ce in za ka zo da azumi ka taho mata da man habbatus sauda, na gaske, ba irin na wancan karon ba. Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Tudun Wada