Inshorar da ake yanka don biza ba ta ɗaukar nauyin mai ciwon daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne daga Garwa kan wata magana da ke cinye dukiyar mutanenmu a ɓoye, wadda nake so a warware ta a rediyo da harshenmu: inshorar tafiya ga wanda ciwon daji ya ci ƙarfinsa.

Mu nan arewacin Kamaru, haka ma 'yan'uwanmu na Chadi, da zarar likita ya ce daji ne kuma ya bazu, bakin dangi yakan zo ɗaya, a fita da shi waje. Ban ga laifin kowa ba. Ko gashin daji ake so, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, galibi sai an dangana da Duwala, kuma wanda ya kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde da majinyaci a jikinsa ba ya ganin nisan Indiya ko Tunisiya ko Masar. Wasu kuma ba magani suke nema ba. Tsohuwa ce take son ta yi Umara tun tana iya tsayuwa, ko uba ne yake son ya ga jikokinsa a Faransa.

A nan takardar inshora take shigowa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen ba sa karɓar takardun mutum sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, wato sefa miliyan 19 da ɗoriya, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Mutum ya biya 'yan dubbai, a miƙo masa takarda mai hatimi da wannan adadi a kai, sai zuciyarsa ta kwanta. Alhali an yi ta ne don abin da ya faɗo ba zato: haɗarin mota, karaya, zazzaɓin da ya kayar da mutum a hanya. Ciwon da matafiyi ya baro gida da shi, irin wannan inshora ta gama-gari takan cire shi daga lissafi, kuma takan cire tafiyar da aka yi musamman don jinya. Yana nan rubuce a shafukan baya, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙen da sai mai tabarau.

Wani maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da yadi, daji ya kama masa huhu. Ɗansa ya je wani ofis yanka masa inshorar tafiya waje, ni na raka shi. Da aka zo gurbin da ake tambaya ko matafiyi yana da ciwon da yake shan magani a kai, yaron ya ɗago kai zai yi bayani. Ma'aikacin bai ko dube shi ba, ya ce, “Ɗan'uwa, in ka ce e, Baba ba inda za shi. Kowa a'a yake sawa.” Ya soka biro a kan a'a, ya juyo da takardar a sa hannu. Na ce a tsaya a yi tunani, aka ce Alhaji yana gida yana jira. Ba a daɗe da sauka can ba ruwa ya taru wa dattijon a ƙirji, aka kwantar da shi. Abu na farko da kamfanin ya nema shi ne rahoton likita, rahoton kuwa ya nuna ciwon ya daɗe. Ko dala ba su biya ba. Fili aka sayar, aka haɗa da kayan shago.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka doka ma ta tsaya wa kamfani. Kamaru da Chadi duka suna bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Sashe na 18 ya ce in mai inshora ya ɓoye gaskiya da gangan ta yadda kamfani ya raina girman haɗarin, yarjejeniya ta rushe, ko da abin da ya same shi bai shafi abin da ya ɓoye ba, kuma kuɗin da ya zuba ya zama na kamfani. Ke nan da dattijon nan zamewa ya yi a banɗaki ya karye, za su iya riƙe wannan a'a ɗin su ƙi shi. Ma'aikacin da ya soka biron kuwa ya karɓi lada tun ranar, babu sunansa a ko'ina. Batun halaccin inshora na bar wa malamai, amma ban san malamin da zai halatta sa hannu a kan ƙarya ba.

Da tafiya wurin ɗanta da ke Turai ta taso wa ƙanwar mahaifiyata, wadda dajin mama ya kai mata ga ƙashi, muka faɗi komai tun farko. Wani wuri aka ce ba sa yi. Wani aka ce za su yi, amma duk abin da daji ya jawo ba ruwansu. Muka ce a rubuta mana, aka rubuta. A Ingila akwai kamfanonin da suka ƙware wajen yi wa masu daji inshora da tsada, sai dai don mazauna ƙasar aka yi su. Da muka baje takardar a gaban Inna, muka lissafa mata abin da kwana goma a gadon asibitin Turai zai iya ci, ta ce, “To shi yaron ƙafarsa ta karye ne? Ya zo mana.” Ya zo da iyalinsa. Ba ina cewa kowa ya fasa ba ne. Wanda ya ji gaskiya ya ce zai tafi, kuma akwai abin da za a tare shi da shi, Allah ya kai shi lafiya.

Ko an gama da inshora, akwai sauran aiki. Kamfanonin jiragen sama suna da fam da likita ke cikawa, MEDIF, kuma suna da ikon hana majinyaci shiga in jikinsa bai yi musu ba. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon da zai kai mita 2,400, mai ciwon huhu ko ƙarancin jini yana iya galabaita, iskar taimakon numfashi kuwa sai an nema tun kwanaki kafin tafiya. Daji yana sa jini saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, dogon zama yana ƙara haɗarin. Maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin, Saudiyya da Dubai ba sa wasa da shi, sai da takardar likita, kuma a bar shi cikin kwalinsa a jakar hannu. Allurar ciwon shawara da ake duba mana a katin rigakafi tana da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa wanda ake ƙara wa ruwan maganin daji, sai dai likita ya rubuta takardar uzuri. Game da Hajji, hukumar lafiyar Saudiyya ta sa mai daji da ke kan irin wannan magani cikin waɗanda ba a yarda su zo ba. Inshorar da ke haɗe da bizar Umara ita ma ta gaggawa ce.

Masu zuwa jinya su sani asibiti kuɗi yake so a ajiye. Faransa takan nemi ƙiyasin kuɗin asibiti da shaidar biya kafin ta ba da bizar jinya, Indiya takan nemi wasiƙar gayyata daga asibiti. Ƙiyasin na aikin da aka tsara ne kaɗai, in jiki ya rikice lissafi ya tashi. Sai kuma maganar da ba ma son yi a gaban majinyaci: in ta Allah ta kasance a can, a can za a yi sutura ko gida za a dawo? Dawo da gawa yana buƙatar akwati na musamman da takardun ofishin jakadanci da kuɗi masu nauyi, kuma in dajin da aka ɓoye ne ajali, wannan ma kamfani zai zame.

Likitocinmu ma ina da ƙorafi a kansu. “A gwada waje” ba amsa ba ce. A gaya wa dangi ko ana sa ran warkewa ne, ko sauƙin raɗaɗi kawai ake nema, wanda sau da yawa ana iya samunsa a gida kusa da 'ya'ya.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shiri guda kafin lokacin Umarar azumi. Ku gayyato likitan daji da ma'aikacin inshora, ku buɗe layin waya har da mu na Garwa da Marwa da Kusiri da Njamaina. Ku sa ma'aikacin ya karanta shafin abubuwan da ba sa biya, layi bayan layi, a fassara da Hausa da Fulatanci. Ku kuma tambaye shi hukuncin da suke yi wa wakilinsu da ya cika wa mutum a'a da hannunsa.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru