Zuwa Ga Ƙauran Bauchi: A Taimaki 'Yan Aji Ɗaya Da Littafi

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad. Ranka ya daɗe.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye na ƙasar Katagum, kuma kusan duk shekarun aikina a aji ɗaya da aji biyu na yi su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar karatun ƙananan yara, waɗanda ba su da bakin da za su kawo kukansu gidan gwamnati.

A da, yadda muke koyarwa shi ne in rubuta a allo, in faɗa, yara su amsa da ƙarfi har ajin ya ɗauka. Mai wucewa ta bakin taga sai ya ce ana karatu. Amma ka ware yaro ɗaya, ka nuna masa kalma a wani wurin daban, sai ya sunkuyar da kai. Hadda ce kawai. Haka wasu ke tafiya har aji shida ba su iya karanta sunan garinsu ba.

Da shirin NEI Plus na inganta karatun yara 'yan firamare ya zo Bauchi da Sakkwato a 2015, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, aka kawo mana littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku, da jagoran malami, aka kuma horar da mu. Aka ce a fara da sautin harafi, a haɗa gaɓa, sannan kalma, duk cikin Hausar da yaro ya taso da ita. In yi su gani, mu yi tare, sannan su yi da kansu. Ba zan manta wata yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ba, kullum sai an kusa tashi tara take shigowa. Ranar da ta ɗora yatsa a kan "ƙa" da "sa", ta yi shiru, sai kawai ta ce "ƙasa!", ta waiga tana neman wanda ya gaya mata. Babu wanda ya gaya mata. Wallahi sai da na juya na share ido da bakin mayafi.

Ranka ya daɗe, zanen aro ba ya rufe katara. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Littattafan da suka rage a akwatin ajina sun yage, bangonsu ya fita, yara huɗu ko biyar ke taruwa a kan guda, na gefe yana kallon haruffa a juye. Malaman da aka horar wasu sun yi ritaya, wasu an sauya musu wuri, sababbin kuma ba wanda ya nuna musu hanyar.

Na san ana gina ajujuwa ana gyara wasu, muna gani muna godiya. Sai dai rufin kwano ba ya koya wa yaro bambancin b da ɓ.

Roƙona shi ne jiha ta ɗauki wannan aiki ya zama nata. A ware masa gurbi a kasafin kuɗi kowace shekara, a riƙa buga littattafan nan ana sabuntawa, kowane yaro da nasa, har ya tafi da shi gida ya karanta wa ƙannensa. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimi a matakin farko, jiha ta zuba nata kason ta karɓo. Cikin wannan kuɗi a tuna da ajin share fage, a daina mai da shi wurin ajiye yara har a tashi. Sannan a bai wa jami'an da ke zagayen duba malamai kuɗin man babur, don su riƙa isowa irin ƙauyenmu ko da damina.

In ka samu sarari wata rana, Ranka ya daɗe, ka shigo wani aji biyu ba tare da sanarwa ba, ka miƙa wa yaro ɗaya takarda ka ce ya karanta maka layi guda.

Allah ya taya ka riƙo, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Malamar aji ɗaya, daga ƙasar Katagum